Wane mashin za ya kai ni Agadas ya maido ni Maraɗi lahiya?

Ɗan_Gulbi88:
Salamu alaikum ƴan uwa masu mashin. Shawara nike nema, kuma don Allah wanda ya taɓa yin doguwar tahiya da kanshi shi fara magana, ba wanda ya gani a Facebook ba. Shekara uku ke nan ina da burin zagaye da mashin: in tashi nan Maraɗi in bi Tasawa zuwa Damagaram, daga can in hau arewa ta Tanut da Aderbisanat in shiga Agadas, in yi kwana biyu ko uku in ga masallacin nan na ƙasa mai doguwar hasumiya, sannan in gangaro ta Abalak da Tawa in biyo Madawa da Gidan Rumji in dawo gida. Na lissafa, abin ya ɗara kilomita 1400 kaɗan. Bana adashenmu na kasuwa ya faɗo kaina, in na saida tsohon Kasea na na haɗa zan iya kai jika ɗari takwas, in an matsa tara. Hankalina ya rabu uku: Boxer 150 sabo, ko Haojue sabo, ko wani DT 125 na hannu da maƙwabcina za ya saida, irin na ƴan proje. Ni kaɗai ne bisa, sai kaya kamar kilo 25. Watan Disamba nike son tashi. In ku ne wane za ku ɗauka?

Kabukabu_Zariya:
Wa alaikumus salam. Boxer mana, har sai ka tambaya? Ni kullum ina bisa shi tun asuba har bayan isha, kilomitan da nike ci cikin garin nan a sati biyu sun kai tahiyar taka duka, kuma wani lokaci goyo biyu har da buhun hatsi.

Bakanike_Sabongari:
@Kabukabu_Zariya ƙanena kilomitan cikin gari daban, na hanya daban. Kai daga tasha zuwa kasuwa minti biyar ka kashe, ka shiga inuwa jiran fasinja inji ya huce. Shi kuwa awa huɗu za ya yi yana murɗa wuta cikin ƙura. Duk mashinan nan da ya lissafa iska ke sanyaya su, babu ruwa babu fanka, kuma baƙin man da ke cikin injin Boxer ko Haojue kusan lita guda ne kacal, shi ke ɗauke da zafin duka. In ka maƙale wuta ƙarshe tun daga nan har Damagaram to mai ya tsinke ya koma kamar ruwa, ringi su fara ci, wata rana ka ji fistin ya kama kana tsakiyar daji. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an sauke mini irin wannan daga bayan mota. Wanda ya riƙe gudun kilomita 65 zuwa 75 a awa, yana tsayawa duk kilomita 80 ko 100 ya sha ruwa inji ya sha iska, ko 125 ne za ya kai shi.

Amma ni ba da gudu nike zaɓen mashin tahiya ba. Tambaya ɗaya nike yi: in wayar kuloci ta tsinke maka a Takeita, ko sarƙa ta katse a Tanut, yaron da ke ƙarƙashin rumfa bakin hanya yana da ita rataye? Kayan Boxer da na ire-iren injin CG ɗin nan da ƴan Sin sunka kwaikwaya daga Honda, kowace kasuwar ƙauye za ka samu, kuma ko ɗan koyo ya san inda kowane noti yake. DT sai manyan garuruwa, nan ma ka dace da na asali.

Mushe_Tasawa:
Ni Haojue gare ni, shekara ta huɗu ke nan, duk ran juma'a da marece ina zuwa Maraɗi wajen iyali in koma Tasawa lahadi, kamar kilomita 120 ke nan kowane zuwa. Abin da zan iya shaida shi ne zama. Kujera mai faɗi, hannu ba ya yin nisa, kuma ba ya karkarwa sosai in kana 70. Masu shi suna da haɗin gwiwa da Suzuki tun da daɗewa, shi ya sa ƙirar ta fi ta sauran ƴan Sin tsabta a ganina. Amma fa gaskiya ni ɗan kwalta ne, Cadawa, Agye, Gazawa, gida. Randa na bi rairayi zuwa wani ƙauye wajen Mayahi gaisuwar mutuwa sai da na faɗi sau biyu, duk da wannan ƙila laifina ne ba na mashin ba.

Baba_MaiDT:
Ɗana @Ɗan_Gulbi88 bari tsoho ya sa baki. Na yi aikin malamin gona shekaru masu yawa tsakanin Dakwaro da Mayahi, kuma duk bisa DT na yi su. In maganar rairayi ce babu na biyunshi cikin ukun nan. Tayar gaba inci 21 ce, doguwa siririya, tana hawa rami ta wuce maimakon ta faɗa ciki, cikinshi ya yi sama da ƙasa, ga shi ba nauyi, in ya kwanta kai kaɗai ka tashe shi. Ba don banza ba ne ƴan proje da malaman likita sunka riƙe shi shekara da shekaru.

To amma ba zan ɓoye maka ba don ina son shi. Inji ne mai bugu biyu, yana shan mai fiye da Boxer nesa ba kusa ba, kuma yana da tankin baƙin mai nashi daban da famfon da ke haɗa shi da fetur, in wannan tankin ya ƙare ba ka sani ba to inji ya tashi aiki. Ni kaina ya taɓa samuna, rana guda na fita da gaggawa ban leƙa ba, tsakanin wasu ƙauyuka biyu arewa da Dakwaro na ji ƙara ta canja kamar ana niƙa tsakuwa sai taya ta ɗaure. A amalanken shanu munka kai shi gari, ni ina biye a ƙasa riƙe da hulata, yara na ta dariya. Sannan kujerarshi siririya ce kamar bencin makaranta, an yi ta don mai tashi tsaye a daji ne, ba don mai zaman awa shida a kwalta ba.

Na maƙwabcin naka kuma, mashin ɗin proje ba ya fita hannunsu sai ya ga duniya. Ka je da sassafe kafin ya tada shi, ka taɓa injin ka tabbata da sanyi, ka buga da ƙafarka ka ji ko yana turo ƙafa ko kuwa yana faɗawa sakwaf. Ka duba ko famfon baƙin man yana nan ko an cire ana zubawa cikin tanki da ka. Ka ɗaga tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe. In maƙwabci ya ce sai dai da rana, ka riƙe kuɗinka ku ci gaba da gaisawa.

Bazabarmen_Yamai:
Ina ta karanta ku ina dariya. Mutum za shi ƙasar Tenere kuna ba shi shawarar mashin ɗin ɗaukar buhun gawayi. Akwai mashin da sunan hamadarmu ma yake ɗauke da shi, Yamaha Ténéré 700, silinda biyu, cc 689, tanki lita 16, Maraɗi zuwa Damagaram kafin shayinku ya huce. Amma na manta, Gobirawa ne a nan, jaki ma ya ishe ku.

Bagobirin_Tibiri:
@Bazabarmen_Yamai bawa ba ya magana gaban iyayengijinshi sai an ba shi izini. Mutum ya ce jika ɗari takwas gare shi kai kana kiran mashin ɗin miliyoyi. Kai wane kake hawa? Ko har yanzu keken nan ne da kake zuwa Wadata da shi?

Bazabarmen_Yamai:
Keken ma aro ne amma ya fi jakinku birki 😂

Bakanike_Sabongari:
Wasa wasa, maganar manyan mashinan nan tana da amfani a yi ta, don samari da yawa suna zuwa mini da hoto a waya. Ténéré ya ɗan wuce kilo 200, Africa Twin na Honda wajen 230, GS babba na BMW wajen 250. Wannan in ya kwanta maka cikin rairayi kai kaɗai da tsakar rana sai ka jira Allah ya kawo makiyayi. Sannan dukkansu ba kafireta gare su ba, famfo ne cikin tanki da kwamfuta ke auna mai, in ka zuba musu man kwalba mai ƙasa-ƙasa ko mai ruwa sai fitila ta kunna a gaba, kuma wannan fitilar babu mai karanta ta a Aderbisanat. Kafireta kuwa noti biyu ne, ka kwance ƙoƙon ƙasa ka zubar da datti ka hure jet ka maida, minti goma sha biyar a gindin itace.

Baba_MaiDT:
Tunda an ambaci Tenere. Tseren Paris-Dakar na farko ya tashi ƙarshen Disamba 1978 ya ƙare Janairu 1979, ta Agadas da Yamai ya ratsa, kuma wanda ya ci a mashin wani Bafaranshe ne Cyril Neveu bisa Yamaha XT500, silinda guda, kafireta, bugun ƙafa. Daga baya a 1983 Yamaha ta fitar da wanda ta sa ma sunan Ténéré. Wato ko Turawan da sunka zo da kuɗinsu da farko da mashin mai sauƙi sunka ratsa ƙasar nan.

Ba_Abzine:
Sannunku. Ni haihuwar Agadas ne, ina aiki Maraɗi, hanyoyin biyu duka na bi su a mota ba adadi, a mashin sau biyu. Kuna ta gardamar inji babu wanda ya yi maganar hanyar kanta. Maraɗi zuwa Damagaram kamar kilomita 240 ne, gari na bin gari, ba abin damuwa. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen 450, kuma da ka bar Tanut duniya ta canja, ƙauyuka sun yi nisa da juna, inuwa ta yi wuya, sai ka yi tahiya mai tsawo ba ka ga kowa ba sai raƙuma, har ka gangara dutsen Tigidit. Ta Tawa kuma kamar 400 ne daga Agadas, hanyar yuraniyom ce tsohuwa, manyan motoci sun cinye ta, akwai wuraren da kwalta ta mutu murus sai guntaye masu kaifi kamar wuƙa, direbobi sun buɗe nasu hanyoyi a gefe cikin ƙura. A irin wurin nan ne za ka tuna da Baba_MaiDT da tayarshi 21.

Abu ɗaya da ka yi daidai ko da gangan ko dace: yadda ka tsara zagayen. A Disamba iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Zuwa za ta dinga dukan ƙirjinka, mashin ya yi nauyi ya sha mai, amma dawowa ta Abalak, inda hanya ta fi muni, tana bayanka tana tura ka. Kada wani ya sa ka juya tsarin.

Sannan maganar tsaro ba wasa ba ce. Kafin ka bar kowane gari ka je tasha ka tambayi direbobin da sunka shigo ranar, su ke da labarin yau ba na bara ba. Ka tashi bayan gari ya waye, la'asar ta same ka inda za ka kwana. In son samu ne kada ka tahi kai kaɗai, ko ka bi bayan motocin haya ka riƙa ganinsu.

Ɗan_Gulbi88:
Na gode ƙwarai @Ba_Abzine wallahi maganar iska dace ne kawai ban san da ita ba. Mai fa? Tankin Boxer lita 11 ne, za ya kai ni daga Tanut zuwa Agadas ba tare da na ƙara ba?

Ba_Abzine:
A lissafin takarda za ya kai. Amma lissafin takarda bai san iska ba bai san rairayi ba. Ka cika a Tanut, ka sake cikawa a Aderbisanat ko da rabi kawai ya sha, kuma ka ɗaura jarka lita biyar. Ruwan sha ma haka, lita biyar ba ta yi yawa ba.

Kabukabu_Zariya:
Nawa yana ba ni wajen kilomita 40 a lita in ban takura shi ba. DT ɗin Baba kuwa sai dai ka ja tanka a baya 😅

Ɗan_Jibiya:
Gaisuwa daga wannan gefen iyaka. Ku yanzu kun ji daɗi ai, tun da aka cire tallafin mai a wajenmu a Mayun 2023 labarin ya canja, da mu ke kawo muku a jarka. Game da mashin, in Boxer zai saya ya leƙo Katsina mana ya gwada farashi, kilomita 90 ne kawai, da canjin sefa zuwa naira wani lokaci ana samun rangwame. Kuma ya riƙe fulogi biyu a aljihu.

Bagobirin_Tibiri:
Fulogi wai, mu nan buji muke cewa malam. Maganar mai kuma kada ka yi mana baki, an dai maida lita sefa 499 a gidan mai a Yulin 2024 amma wanda ya ga layin da anka yi a Maris 2025 ya san matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram kaɗai ba ta ƙosar da ƙasar nan in buƙata ta tashi. Ni kwana biyu mashin ɗina ya yi jingine a zaure lokacin. Don haka mai tahiya shi sa a ranshi cewa wani wurin dole ruwa-ruwa za ya saya a kwalba, shi tahi da ɗan ƙyalle mai tsabta yana tacewa a bakin tanki.

Alhaji_MaiPiyes:
@Ɗan_Jibiya sayen Katsina ba laifi, amma a faɗa mishi gaskiya duka. Mashin in ya ƙetaro sai an yi mishi takardun duwan, sannan kart giriz da lamba da asirans, in ka haɗa waɗannan da wahalar zirga-zirga sau da yawa rangwamen ya tahi. Kuma tahiya irin wannan shinge nawa za ka wuce? Cikin gari ana iya lallaɓawa da rasit ɗin saye, a hanyar Agadas ba a yi. Wani yaron shagona ya taɓa kwana a wani shinge don lambar jikin mashin ba ta yi daidai da ta takarda ba, harafi ɗaya ne wanda ya rubuta ya kuskure shi kuma bai taɓa dubawa ba. Ka duƙa da kanka ka karanta lambar da ke wuyan mashin da ta inji ka gwada da takarda tun a shago. Na hannu kuwa, musamman na proje, ka ga takardar da ta nuna an saida shi bisa ƙa'ida. Ka riƙe parmi da katin ɗan ƙasa, ka yi musu hoto a waya kuma.

Wani abu, akwai yankunan da anka taɓa hana yawo da mashin gaba ɗaya saboda tsaro, Difa tun 2015, Tilaberi a 2020, har da wasu sassan arewacin jihar Tawa, kuma dokokin nan suna canjawa. A tambayi hukuma kafin a tashi.

Maman_Ɗiya_Uku:
Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Ni ba na tuƙi amma ni na yi jinyar ƙanena wata uku. Daga Agye ya taso bayan magariba wai sauri yake ya kwana gida, kusa da Cadawa jaki ya fito mishi daga duhu, baƙin jaki, fitilar wata mota ta dalle mishi ido bai gan shi ba sai da ya hau. Kaskenshi na ɗaure a bayan mashin, wai zafi. Ƙafa ta karye biyu, kai kuma Allah ne ya tsare, har yau in ya yi dariya gefen bakinshi guda ba ya tashi daidai. Duk wanda za ka saya @Ɗan_Gulbi88 ka cire kuɗin kaske mai rufe haɓa tun farko, da takalmi mai rufe idon sawu, ba silifas ba. Kuma ka gaya ma mai ɗakinka gaskiyar inda za ka, kada ka ce Tasawa.

Ɗan_Gulbi88:
Allah shi ƙara mishi lahiya Hajiya. Maganar mai ɗaki kuma kin taɓo inda ke ciwo, har yanzu Damagaram ta sani.

Mushe_Tasawa:
Amin. Kuma a ƙara da rigar sanyi mai kauri da safar hannu, sanyin asubar Disamba a kan mashin ko nan Gazawa sai yatsu sun ƙi kama birki, balle arewa.

Saurayin_AliDanSofo:
Ni mamaki nike ba wanda ya ambaci TVS HLX 150 ko Yamaha XTZ 125. XTZ ai shi ne DT na zamani, taya 21 a gaba amma bugu huɗu, ba hayaƙi ba shan mai. In ya ƙara haƙuri shekara guda ya tara ba sai ya huta da gardamar nan duka ba?

Alhaji_MaiPiyes:
XTZ mashin ne na kirki amma sabo ya fi ƙarfin kuɗin da ya faɗa, kuma kayanshi ba kowane shago ba. TVS kuwa ajinsu guda da Boxer, duka ƴan Indiya ne, a nan zaɓi ya koma ga wanda kayanshi sunka fi yawa a hanyar da za ka bi. Shekara guda da kake cewa kuma, kuɗin adashe ba ya kwana shekara a gidan mai iyali.

Bakanike_Sabongari:
Bari in dawo kan taya don nan ne tahiya ke lalacewa ba a inji ba. In za ka ɗauki Boxer ko Haojue ka nemi mai sifok, kada ka ɗauki mai ƙafar alminiyom don kyau. Bakin kwaltar da Ba_Abzine ya faɗa in ka daka shi da gudu, mai sifok lanƙwasa yake yi a buga shi da guduma a ci gaba, alminiyom tsagewa yake, kuma in ya tsage sai sabo. Illar mai sifok ita ce tub gare shi, ƙaya guda ta sace iska nan take. Don haka tub biyu sababbi, gaba da baya, da faci da gam da ƙarfen cire taya biyu da ƙaramin famfo. Kuma ka koyi cirewa da kanka a tsakar gidanka kafin ka tashi, ba ranar da ta fashe ba. Cikin rairayi ana rage iska kaɗan don taya ta baje, amma kaɗan fa, in ka rage da yawa taya ta zame bisa ƙafa ta tsinke bakin tub.

Sarƙa kuma, Boxer yana da murfi da ya rufe ta duka, samari na cirewa wai ya fi kyau, kai kada ka cire. Mai da rairayi in sun haɗu bisa sarƙa sun zama dutsen niƙa. Soson iska ka duba shi kowane dare. Baƙin mai ka juye sabo kafin ka tashi, ka sake juyewa a Agadas, kuma ka saya inda ka yarda da su don na jabu ya yi yawa, galan ɗin iri ɗaya ne sak.

Baba_MaiDT:
Duk daidai ne. Sai dai na lura kowa ya tura shi ga sabo, kuma ba wanda ya ce mishi sabon inji ba a fita da shi doguwar hanya daga shago. Sai ya yi rodaj, kilomita 1000 na farko a hankali, a juye mai wajen 500. In Disamba ce tahiyar to ya kamata mashin ya shigo hannu tun Oktoba. Kuma har yanzu ina nan kan bakana, rabin hanyar dawowa ta DT ce.

Kabukabu_Zariya:
Baba rabin hanya ta DT ce amma dukan aljihu na Boxer ne. Kuma in ya dawo mi za ya yi da DT cikin gari? Boxer ko gobe ya ce za ya saida kafin azahar an saye.

Ɗan_Gulbi88:
To jama'a ga labari. Jiya na bi shawarar Baba na je wajen maƙwabci ƙarfe shida da rabi. Bugu na huɗu ya tashi, hayaƙi ya cika zaure har matarshi ta fito tana tari, famfon baƙin man kuma an cire, ya ce tun can wajen aiki. Ban ce komi ba na ce zan yi shawara. Yau kuma wani abokina ya ba ni aron Boxer ɗinshi na je Tasawa na dawo, na ɗaura buhu kilo 25 a baya don in ji yadda za ta kasance. Inji ba abin da zan ce, na riƙe 70 kamar yadda Bakanike ya ce, mai kuma bai kai lita bakwai ba zuwa da dawowa. Amma wallahi daga Agye a dawowa ɗuwawuna ba nawa ba ne, ina ta gyara zama kamar mai kumburi, hannun dama kuma ya yi tsami har yanzu da hagu nike rubutun nan. Kilomita 240 ke nan kawai, sau shida irin wannan ke jirana. @Mushe_Tasawa in ka shigo juma'a don Allah ka ba ni naka in ɗan je Gidan Rumji in dawo in gwada.

Mushe_Tasawa:
Ba matsala, amma asabar da safe ka je ka dawo kafin azahar, ka san halin wajen yanzu. Kuma ka cika mini tanki 😄

Bagobirin_Tibiri:
Kujera ai ba dalilin canja mashin ba ce, masu ɗinkin kujerar mota suna ƙara soso su faɗaɗa ta da kuɗi kaɗan. Wasu fatar rago suke shimfiɗawa mai gashi, ta layya ma ta yi.

Ba_Abzine:
Fatar ragon gaskiya ce, mutanenmu na yi. In ka tsaida rana ka faɗa mini, ƙila hutuna ya zo daidai mu tahi tare har gida, ka ga an rage maganar kai kaɗai. A Abalak kuma ka bar wuri cikin kaya don cuku.

Bazabarmen_Yamai:
In za ku biyo ta Galmi a ɗauko mini albasa rabin buhu. A ɗaura ma Bagobiri a ka ya biyo ku a ƙasa.

Saurayin_AliDanSofo:
Wai tsohon Kasea ɗin nawa za ka saida shi? Takardunshi sun cika?